Jirgin Buba Ba Shi da Ido

Ku da kuke zama a bencin shagona kuna latsa waya, kuna cewa jirgin rimot ai abin wasa ne, a sa batir a danna ya tashi, ku matso ku ji. Ni ne Ɗahiru Mai Rediyo. Sunan ya bi ni tun zamanin da rediyo ke da daraja a Dutsin-Ma, kuma ban ga dalilin sauya shi ba don kawai rabin abin da ke kan teburina yanzu mai farfela ne. Na gyara ƙananan jiragen nan masu saukar ungulu har hannuna ya san su ko ido a rufe. Abin da na gano shi ne yawancinsu tun a kanti suke mutuwa, ranar da mai su ya miƙa yatsa ya ce wancan nake so. Gyara ba wuya. Zaɓe shi ne aikin. Na san mutumin da jirginsa na farko ya kusa sa a kore shi daga garin da aka binne cibiyarsa, kuma jirgin nan ne dai ya zaunar da shi. Labarinsa zan ba ku, amma sai kun fara jin inda na samo hannun.

Aikin farko da maigidana, marigayi Malam Iro, ya ba ni shi ne hura gawayi. Wutar lantarki ba ta zama a lokacin, kamar dai yanzu, saboda haka ƙarfen liƙinmu a cikin garwashi ake gasa shi. In ya yi sanyi dalma ba ta narke ba, in ya yi zafi da yawa ya cinye allon rediyon mutane. Malam Iro yakan kawo ƙarfen kusa da kumatunsa ya ji zafin, in bai yi masa ba ya miƙo mini ba tare da ya ko dube ni ba. Na daɗe a kan wannan kafin ya bar ni na riƙe sukudireba. Kuma ko shi kansa ba ya kwance rediyo sai ya gama yi wa mai ita tambayoyi kamar alƙali. Ina take kwana? Wa ke kunna ta? A gona ake jin ta ko a ɗaki? Na taɓa ganin ya gano ciwon rediyon wata mai abinci tun kafin ya taɓa ta, don matar ta ce a kan katangar madafa take ajiye ta. Da aka buɗe, hayaƙi da maiƙo ne suka liƙe komai. Yakan ce na'ura ba ta zaune ita kaɗai, da mutane take zaune. A lokacin na ɗauka surutun tsufa ne.

Jirgin farko da ya shigo shagona na wani Alhaji ne mai hatsi daga Kurfi, tsarabar Makka da ya kawo wa jikokinsa. A cikin ɗaki yana tashi lafiya lau, da an fito tsakar gida sai ya haukace ya faɗi. Alhajin ya rantse an cuce shi a ƙasa mai tsarki. Na kwance, na auna da mita, komai lafiya. Na mayar, na sake kwancewa. Har na fara jin haushin kaina, sai na lura da ɗan baƙin gilashin da ke goshin rimot ɗin, irin na rimot ɗin talabijin sak. Ashe da haske yake magana da jirgin, hasken da ido ba ya gani, ranar Katsina kuwa ba ta barin wani haske ya yi magana a gabanta. Jirgin ba shi da laifi, an yi shi ne don ƙasar da yara ke wasa a cikin ɗaki. Tun daga ranar, duk jirgin da aka kawo mini, hulata nake cirewa in kifa a kan goshin rimot ɗin. In jirgin ya daina jin magana, mai haske ne, ka bar wa mai kanti abinsa. In ya ci gaba da bi, da igiyar rediyo yake aiki, wannan shi ne namu.

Sai maganar linzami. Masu sayarwa suna da sunan da suke kiran abin da Turanci, ni linzami nake cewa, wato yawan umarnin da rimot ke iya ba jirgi. Mai linzami uku yana hawa ya sauka, ya juya, ya yi gaba da baya. Galibinsa farfela biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya, yana da ladabi ƙwarai, amma iskar da za ta kaɗa gefen rigarka ta ishe ta ɗauke shi. Mai linzami huɗu yana ƙara matsawa gefe, farfelarsa ɗaya da ƙarama a wutsiya, shi ne ke iya fita waje in iska ba ta yi yawa ba. Mai shida kuwa shi ne kuke gani a waya yana juyawa ciki sama, shi kuke so, na sani. Wani ɗan acaɓa daga Karofi ya saye shi a hannun wani da zai bar gari, ya kunna a tsakar gidansu ba tare da ya tambayi kowa ba. Kafin ya ƙifta ido jirgin ya tsage masa ƙwauri, ya bugi turmi, ya watse. A leda ya kawo mini shi, yana ɗingishi, wai in haɗa. Na tambaye shi ina kayan canjinsa, farfela da haƙoran giya da ɗan injin wutsiya. Babu, kuma babu mai sayar da su daga nan har Kano. Na ce masa ya kai wa mai gwangwan. Jirgin farko faɗuwa zai yi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, don haka kada ka sayi wanda ba a samun ƙashinsa a kasuwa.

Kun tuna shekarar da abubuwa suka lalace. Mutanen daji sun hana noma a gonakin nesa, daga baya aka rufe layin waya, aka hana shagunan caji, kasuwannin dabbobi suka tsaya. Aikina ya mutu murus. Wa zai gyara waya ba layi? Tsofaffin rediyoyi ne suka riƙe ni, don mutane sun zaro su daga ƙarƙashin gado suna neman labari. Jirage kuwa na rataye su a rufin shago suna shan yanar gizo. Ba don ba mai sha'awa ba, a'a, tsoro ne. Ko'ina ana ta raɗe-raɗin cewa da jirgi ake leƙa garuruwa kafin a afka musu. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

A farkon daminar wannan shekara Malam Buba ya jingine kekensa a ƙofar shagona. Bafillace ne mai furfura a gemu, daga wani ƙauye a yankin Dabawa wanda ba zan faɗi sunansa ba. Nan aka haife shi, nan aka haifi ubansa, Hausa ta fi Fillanci zama a bakinsa. Shanunsa an kore su tun bara, saura gona. 'Yan'uwansa da yawa sun tashi saboda kallon da ake musu, shi ya ƙi. Ya ce mini bara tsuntsayen jan-baki sun cinye masa gero, don ba ya iya tura yara su yini a gona suna kaɗa gwangwani kamar da. Ya ji labarin akwai jirgin da ke korar tsuntsu, shi ne ya zo.

Idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan babban da ke rataye a tsakiya, kore mai zanen kayan soja, da kyamara a ƙirjinsa. Na sauko masa da shi don ya gani. Ya zagaya shi, ya ɗaga ya ji nauyi, ya shafa bayansa, ya leƙa ƙarƙashinsa. Ciniki irin na kasuwar shanu sak, saura kawai ya buɗe baki ya duba haƙora.

Ya ce, “Wanga ya yi. Shina da ƙashi.”

Na ce, “Na sayarwa ne, Malam Buba, amma ba gare ka ba.”

Ya ajiye jirgin a hankali. Ya dube ni ya ce, “Don ni Bahillace ne?”

Na ce, “Don haka ne.”

Da wani ne da ya ja kekensa ya tafi, kuma da ban ga laifinsa ba. Shi kuwa ya tsaya, sai na zaunar da shi na yi masa irin tambayoyin Malam Iro. Ina gonar take? Gidajen wa ke kusa? Wa zai ga jirgin in ya tashi? Na ce masa, “Wanga ya hi ƙarhin hannunka, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, dubi rigar da ke jikinshi. Na ukku, ido gare shi. Ranar da aka tsinci jirgi mai ido da rigar soja a hannunka, ko limamin garinku bai iya fidda ka. Kai da kanka ka san shekarar da muke ciki.”

Sai na ɗauko masa wani ɗan ƙarami mai linzami huɗu, ruwan ɗorawa, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, babu kyamara, kuma ina da farfelunsa na canji cike da gwangwanin madara. Ya dube shi kamar an ba shi ɗan akuya a madadin sa.

Ya ce, “Wanga ɗan tsakon ne za shi kori jan-baki?”

Na gaya masa gaskiya, don ni ba na sayar da abu da ƙarya. Batir ɗaya ba ya wuce shan kofin shayi. Ba zai maye gurbin igiya da gwangwani ba. Amma tsuntsu da safe da yamma yake sauka, lokacin da iska ke kwance, kuma in garkensu ya sauka ka aika masa wannan yana kuka ta samansu, za su tashi su daɗe ba su dawo ba. Da batura kaɗan da ɗan faifan solar da yake cajin tocila, zai rage ɓarna. Na kuma kafa masa sharaɗin da nake kafa wa kowa, jirgi ba ya barin shagona sai mai shi ya iya tsayar da shi a iska.

A filin da ke bayan shago muka yi karatun, duk ranar kasuwa. Na gicciya kara biyu a ƙarƙashin ƙafafun jirgin, na soka guntayen tsohon silifa a bakinsu don kada ya kife. Na ajiye faifai a ƙasa. Darasin farko shi ne ka tsaya bayan jirgi, wutsiyarsa tana kallonka, ka ɗaga shi daidai gwiwa a kan faifan nan, ya tsaya. Shi ke nan. Ku da kuke dariya, na ba wa da yawa daga cikinku rimot a filin nan, kuma na ga inda kuka ƙare, cikin kwata. Jirgi mai farfela ɗaya ba ya son tsayuwa, kullum zamewa yake, kai kuma kana mayar da shi da ɗan yatsa, kaɗan-kaɗan, tun kafin ya yi nisa. Wanda ya jira sai ya ga ya tafi sannan ya fizgo, ya makara.

Buba da farko da jikinsa yake tuƙi. Jirgi ya yi hagu, shi ma ya karkata hagu har hularsa ta faɗi. In ya nufi katanga sai ya manta da rimot ya bi shi da gudu yana masa tsawa irin ta shanu. Na sha dariya har hawaye, shi ma yakan yi. Amma yana da abin da ba ku da shi, ba ya gaggawa, kuma ya saba karanta dabba tun kafin ta motsa. Da ya gane cewa jirgin ma yana nuna inda za shi kafin ya tafi, sai hannunsa ya kwanta. Na koya masa in ya ga karo ba makawa ya kashe wuta tun kafin ya bugu, don farfelar da ke juyi ita ke cinye haƙoran giya. Na koya masa kada ya caja batir da zafinsa, kada ya bar shi a rana, in ya kumbura ya binne shi nesa da ɗaki. Abu na ƙarshe, wanda ya fi ba shi wuya, shi ne dawo da jirgi yana fuskantarka, don a nan hagu ke komawa dama, dama ta koma hagu. Farfela nawa muka karya a kan wannan, gwangwanin madarar ne ya sani.

Ranar da zai tafi da shi, gero ya fara fitar da kai. Na ce masa saura abu ɗaya. A garuruwanmu ko magini zai hau katanga sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, don matan maƙwabta su kintsa. Ni ma haka nake yi duk sanda zan kafa eriya a kan rufi. Jirgi ya fi magini hawa, don haka shi ma sai an yi masa sallama. Na ce kafin ya tayar da shi a gona, ya kai shi ƙofar mai unguwa bayan La'asar, ya tayar a gaban kowa, ya bar su su taɓa, su juya shi, su ga ba shi da ido.

Ya ce to. Ashe ton nan ta baka ce. Fulako, kunyar nan ta Fulani, ya hana shi. Dattijo da furfura, wanda aka sani da garke, ya tsaya gaban mutane da abin wasan yara a hannu yana neman izini, wannan ya fi masa ciwo a kan ɓarnar tsuntsu. Sai ya riƙa ɓoye jirgin a buhu, ya fita da sassafe, ya tayar a gona shi kaɗai. Abin da kuwa ake yi a ɓoye a irin wannan shekara, ko sallah ce sai an zarge ta.

Ina cikin liƙa wata rediyo wajen hantsi sai ga wani mutum a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce shi maƙwabcin Buba ne, Haruna sunansa. Iska ta kwashi jirgin da safe ta yar da shi kusa da rijiyar gari, mata suka watse da ihu. Matasan da ke gadin gari sun bi sawu har gona, sun kamo Buba da rimot a hannu. Yanzu yana ɗaure a ƙofar mai unguwa. An yanke cewa in ta tabbata leƙen asiri yake yi, shi da iyalinsa su bar garin kafin rana ta faɗi, wasu ma suna cewa kora ta yi kaɗan. Abu ɗaya kawai Buba ya faɗa, a kira Mai Rediyo na Dutsin-Ma. Na zuba ƙaramar sukudireba da mita da filaya a jaka, na ɗauki farfela sabuwa da batir mai caji, na rufe shago.

Na tarar da gari ya taru a gindin wata bedi. Buba na zaune a ƙasa ba hula, hannuwansa ɗaure ta baya da igiyar rama, leɓensa a fashe. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma na san fushi ba zai kwance igiya ba. Na durƙusa na gaida mai unguwa, wani tsoho mai sanyin magana wanda da gani shi ma abin ya fi ƙarfinsa. Na ce ni na sayar da jirgin, ni na koya masa, kuma in an ba ni tabarma zan fede shi a gaban kowa.

Aka shimfiɗa. Na cire rigar jirgin, na ɗaga kowane abu sama ina faɗin sunansa da aikinsa. Ga injin, ga giya, ga batir, ga 'yan hannuwan da ke karkata farfela. Shugaban matasan, wani dogo da ake kira Ɗanjummai, wanda daga baya na ji an kashe masa wa a gona, ya tsuguna ya nuna hancin jirgin da bakin wuƙarsa.

“Wanga hwa? Ba ido ba ne?”

Ɗan ƙwan fitila ne. Na zare shi, na taɓa wayoyinsa a batir, ya kama. Na miƙa masa na ce ya kwatanta da na tocilarsa. Ya juya shi, ya miƙo mini. Na ɗauka an gama, sai ya nuna allon da ke tsakiya.

“To wanga da ke jin magana daga nesa, wa shike ji? Makiyayi ina ya iya tuƙa jirgi? Na daji ke tuƙa shi, shi ajiya kawai shike masu.”

Jama'a suka ɗauka da guna-guni. Tambaya ce mai ƙarfi, kuma sukudireba ba ta amsa ta. Na ce, “Ranka shi daɗe, gani ya kori ji. A kwance shi, a ba shi rimot, kai kuma ka riƙa hwaɗin inda kake so jirgin shi tahi. In wani ke tuƙi daga daji, ai bai jin muryarka.”

Mai unguwa ya ce a kwance. Na mayar da komai mazauninsa, na sa sabuwar farfela, na sa batirina. Sai da na miƙa wa Buba rimot na ga yatsunsa. Igiyar ta kumbura su. Aikin nan kuwa duk na ɗan yatsa ne, kuma ga mutane a kewaye, in jirgin ya zame ya sari wani, an gama. Na sa aka ja baya, na ce masa ƙasa-ƙasa, “Malam Buba, bayan shago muke. Wutsiya gare ka, daidai gwiwa.”

Ya murza yatsunsa a cinya, ya yi bisimilla. Jirgin ya yi kuka, ya ɗaga, ya zame hagu har na rufe ido ɗaya, sai ya dawo. Ya tsaya daidai gwiwa a kan tabarma, yana ɗan lilo, amma ya tsaya.

Mai unguwa ya ce, “Shi tahi wajen rumbu.” Ya tafi. “Shi hau.” Ya hau. “Shi yi dama.” Ya yi. Sai Ɗanjummai ya ce, “Shi juyo shi dube mu, shi zo nan.” Bai san abin da ya nema ba, ni na sani. Buba ya juya hancin jirgin ya fuskanci jama'a, ya taho da shi a hankali. A tsakiyar hanya ya karkata wajen bedin, na ga yatsan Buba ya fara zuwa inda bai kamata ba, ya tsaya, ya koma daidai. Ya kawo shi ya sauke a tabarma, gab da takalmin mai unguwa. Na karɓi rimot na kashe, na ce duk mai iya tayar da shi yanzu, daga nan ko daga daji, bisimilla. Aka jira. Jirgin na kwance kamar kowane guntun roba.

Mai unguwa ya sa aka kawo wa Buba hularsa da ruwa. Ya ce, “Buba, da ka kawo mani shi tun hwarko, da duk ba a yi haka ba.” Buba ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne. Ɗanjummai bai ba da haƙuri ba, amma shi ya naɗe igiyar ya tafi da ita. Har an fara watsewa tsohon ya ƙara da cewa, kamar wasa, shi ma jan-baki sun dame shi, in Buba ya gama da gonarsa ya biyo ta tasa.

Buba bai jira ya gama da tasa ba. Washegari da sassafe gonar mai unguwa ya fara zuwa, jirgin a hannu ba a buhu ba, ta tsakiyar gari. Ranar da ta biyo ya je ta Haruna, ta bayanta kuma ta uwar Ɗanjummai, wadda ba ta da mai tsare mata. Baturansa ba sa isar gona biyu a safiya ɗaya, ya san haka sarai, ni na koya masa. Da kaka ta yi ya zo sayen farfela, na tambaye shi gero. Ya ce tsuntsu ya ci fiye da rabin nasa.

Na ce, “To ina amfanin jirgin, Malam Buba?”

Ya ɗaure farfelunsa a haɓar riga, ya hau keke. Ya ce, “Rabin da ya rage, a rumbun ubana na zuba shi.”